Gurbi Biyu a Ƙofar Gabas

Wening ta ɗora yatsa a kan taswirar ta ja, sai kasuwar gaba ɗaya ta biyo yatsan nata sumul, babu tsayawa babu gargada. Pak Wisnu mai kamfanin yana tsaye a bayan kujerarta da kofin gahawa a hannu, baki har kunne.

"Sake ja, Mbak Wening. Fizge ta da ƙarfi, mu ga ko za ta yi tari."

Ta fizga. Ko gezau.

"Kun gani ko?" Ya juya ga sauran ma'aikatan. "Watan jiya in ka taɓa taswirar nan, sai ka je ka yi wanka ka ci abinci ka dawo, sannan ta tuna an taɓa ta. Mas Galih, kai da ka rantse ba za ta gyaru ba, ina bakin naka?"

"Yana nan, Pak, ajiyarsa nake yi don shinkafar anjima," in ji Galih. Aka kwashe da dariya.

Wening ma ta dara, kuma me za a ɓoye, ta ji daɗi har cikin ranta. Shekarunta a kamfanin nan ba a taɓa kiran sunanta a gaban jama'a ba sai in wani abu ya lalace.

Yau ce ranar. An rushe tsohuwar kasuwar bakin kogi an gina sabuwa mai hawa uku, hukumar kasuwa kuma ta ce ta gaji da rigimar rabon wuri, da koke-koke, da "ni na riga shi". Saboda haka duk mai katin tsohuwar kasuwa zai buɗe taswira a wayarsa ya taɓa wurin da yake so, wanda ya riga taɓawa shi ke da shi. Za a buɗe da hantsi, a rufe da kiran azahar. Taswirar kuwa a kan manhajar zane ta kamfanin Pak Wisnu aka gina ta, manhajar da yake ta yawon talla da ita a Jakarta, kuma Wening ce mai kula da cikinta.

Abin ba wani tsafi ba ne. Manhajar sau biyu take zana komai. Na farko a allon da ido ke gani, shago da lambarsa da girmansa. Na biyu a wani allon ɓoye da ba mai ganinsa, inda kowane shago ke da launin da ba ya tarayya da kowa. In yatsa ya sauka, sai manhajar ta leƙa allon ɓoyen ta ga launin da ke ƙarƙashinsa, daga nan ta san wane shago ake nufi. To wurare dubbai ne a kasuwar nan, kuma duk motsi ɗaya sai an sake zana su duka, nan da can. Ina waya za ta iya? Sai ta ɗau zafi ta tsaya cik.

Dabarar Wening layi ɗaya ce tak. Ta ce duk abin da ya fito a allo ɗan mitsitsi, bai kai kan yatsa ba, wa zai taɓa shi? A zana shi don ido, amma a daina wahalar zana shi a allon ɓoye. Tana sa layin nan taswirar ta tashi da gudu. Ta gwada a babban allon kwamfutarta, ta gwada a wayoyin ofis, irin masu faɗin silifas ɗin nan, komai ya amsa. Akwai wata hanyar da ta fi wannan tsafta, har ta fara tunaninta, amma wannan ta fi kusa, kuma an riga an tafa mata.

Wadda ta fi kowa tafi kuwa uwarta ce, Bu Ngatini mai gogaggiyar kwakwa. Babu wanda ya rage a kasuwar bakin kogi da bai ji cewa 'yarta ce ta zana sabuwar kasuwa ba. Mai kifi ya ji, mai gawayi ya ji, har mai karɓar kuɗin shara sai da ta tsare shi ta gaya masa sau biyu. Kusa da teburinta, tun kafin a haifi Wening, Yu Parni ce ke kasa barkono da albasa. In ɗaya ta tafi salla ɗaya ke jiran kaya biyu. A ganyen ayaba ɗaya suke cin abincin rana. Wening a ƙarƙashin teburan nan biyu ta yi rarrafe, kuma Yu Parni, da Allah bai ba ta haihuwa ba, ita ta goya ta har ta fi ƙarfin goyo, shi ya sa Wening ba ta taɓa kiran sunanta ba, Bude take ce mata, kamar yayar uwa. Jiya da yamma matan biyu suka sa Wening a gaba sai da ta nuna musu abin da suke so a taswira: ƙananan gurabe biyu manne da juna a bakin ƙofar gabas, inda masu babur ke sauke mata da sassafe. Na dama na Bu Ngatini, na hagu na Yu Parni, daidai yadda suke zaune a da.

"Ba ma son alfarma, Nduk," uwar ta ce mata, da kalmar da suke kiran ɗiya mace da ita. "Ke dai ki nuna mana inda za mu danna."

Aka buɗe. Kowa a ofis ya ɗaga kai yana kallon ƙaton allon da ke bango, inda duk wurin da aka zaɓa yake juyewa daga kore zuwa ja. Jami'in hukumar kasuwa, da kakinsa mai guga, an ba shi kujera mai laushi a gaba. Manyan shagunan gaba suka fara ja kamar ana yayyafa musu jini, ɗaya bayan ɗaya, ba tangarɗa. Ƙananan guraben masu tebur kuwa suka tsaya kore shar, sai jefi-jefi a ga wani ya juye.

"Tsofaffin suna can suna neman tabarau," in ji Galih.

Wayar Wening ta yi ƙara, uwarta ce ke kira. Ta sunkuya ta ɗauka, hayaniyar kasuwa ta cika mata kunne.

"Nduk, abin nan naki ya ƙi ni."

"Ya ƙi ki kamar yaya, Ibu?"

"Ga shi ina ganinsa da idona, gurbin nawa, ina taɓawa ina taɓawa, kamar mai taɓa bango."

"Man kwakwa ne a hannunki. Ki goge."

"Na goge! Har a zanin Yu Parni na goge. Ita ma ya ƙi ta. Duk layinmu ya ƙi, ga Bu Lastri nan har ta fara kuka. Amma mutanen Darto suna can gindin bishiya da wayoyinsu masu kama da faranti, su ɗauka kawai suke yi."

Darto dillalin wurare ne, ya daɗe yana sayen katunan 'yan kasuwar da suka mutu ko suka daina fitowa. Amma ba sunansa ne ya sa gaban Wening ya faɗi ba. Farantin nan ne. Ta ce wa uwar tana zuwa, ta kashe wayar, ta ja taswirar da ke kwamfutarta ta matse ta har ta koma girman 'yar wayar da ta saya wa uwarta bara. Manyan shaguna suka rage girma amma suna nan da jikinsu. Guraben masu tebur suka koma kamar ƙwayar shinkafa. Ta danna ɗaya. Shiru. Ta danna na kusa da shi. Shiru. Suna nan a ido ɓaro-ɓaro, amma a allon ɓoye babu su, layinta ya share su.



Ta tashi ta je ta tsaya kusa da Pak Wisnu, ta ce a hankali tana son magana da shi. Ya bi ta zuwa ɗan kicin ɗin ofis, inda ƙaton tiren shinkafar biki yake rufe da leda yana jiran azahar. Ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ya saurara yana juya kofin da ke hannunsa.

"Allon kurakurai ya nuna wani abu?"

"Ba zai nuna ba, Pak. In yatsa ya sauka bai sami komai ba, manhajar ɗauka take an taɓa fili. Ba ta rubuta shi a matsayin kuskure."

"To babu yadda za a yi su zaɓa sam?"

"In suka buɗa taswirar da yatsu biyu har gurbin ya yi girma, zai amsa."

"Au, ashe ma ba ta lalace ba." Ya saki numfashi.

"Pak, matan nan ba su san wannan ba. Ba wanda ya koya musu, don mu ma ba mu san za a buƙata ba. Layi ɗaya ne. In cire shi yanzu, kafin ka shanye gahawar nan an gama."

"Ki cire, taswirar ta koma rarrafe a gaban mutumin can mai kaki? Kuma kin manta abin da muka sa wa hannu jiya? Daga buɗewa har rufewa ba mai taɓa ko harafi ɗaya, don kada wani ya ce mun yi maguɗi. Ke kika karanta mana shi da bakinki."

"To a tura saƙo ga kowa. Yatsu biyu, shi ke nan."

"Saƙo daga gare mu ana tsakiyar zaɓi?" Ya rage murya. "Mbak, yi tunani. Saƙon yana fita, mutumin can zai tambayi dalili. Yana jin dalili zai soke komai a sake. Kin san su wane ne suka riga suka ɗauki shagunan gaba? Ki je ki ce musu su mayar. Ranar nan kamfanin nan ya mutu, ni da ke da Galih da matar da ke mana shara duk mu koma gida. Ni ba mugu ba ne, kin sani."

Ta sani, abin haushin ke nan. Shi ya biya kuɗin asibitin babanta kafin ya rasu, bai taɓa tada maganar ba.

"Uwata tana can, Pak."

Ya waiga ƙofa, ya dawo da idonsa kanta. "To kira ta ki gaya mata. Ita kaɗai, a hankali. Ni ban ji wannan maganar ba."

Ta kira daga bakin matattakala.

"Ibu, sa yatsu biyu a kan taswirar ki buɗa su."

"Me? Ɗaga murya!"

"Yatsu biyu! Ki buɗa su!"

"Nduk, in na sa wayar a kunne ba na ganin taswirar, in na cire ta ba na jin ki. Wanne zan yi? Kai, ku daina ture ni mana! Yu, riƙe min..."

Layin ya yanke. Ta sake kira, bai shiga ba.

Ba ta koma ta ɗauki jakarta ba. Ta sauka a guje ta tare ɗan acaɓa, ta kifa hular kwanon da ya miƙo mata mai warin gumin mutane, ta ce kasuwar wucin gadi, ya yi sauri don Allah. Hannu ɗaya ta riƙe ƙarfen baya, ɗaya kuma wayarta, idonta a kan layin ƙofar gabas. Gurabe ne jere a nan, masu kyau, kowa ya san su ne idon kasuwa. Tana kallo na farko ya yi ja. Na biyu ya bi shi. Tsaf-tsaf ake ɗauka, daga wannan sai na kusa da shi, kana gani ka san hannu ɗaya ne. Taswirar kuwa tana ta aiki lafiya lau, ko ɗan tsaiko babu, wallahi sai da ta ji kamar ta jefa wayar a kwata.

A mararrabar jirgin ƙasa aka sauke musu shinge. Babura suka taru suna huci.

"Sauri kike ko, Mbak?" in ji ɗan acaɓan. "Ai wannan jirgin na kaya ne, sai mun tsufa a nan."

Tarago yana wucewa, tarago yana wucewa, na dama ya yi ja. Gurbin uwarta ya tafi.

Kasuwar wucin gadi rumfunan kwano ne da aka kakkafa wa 'yan tsohuwar kasuwa a tsohuwar tashar manyan motoci kafin su shiga sabuwa, zafi daga sama zafi daga ƙasa. Yau ba mai ciniki. Mata sun yi cirko-cirko a tsakanin tebura, kowace ta ƙura wa wayarta ido tana dannawa da ƙarfi kamar ƙarfin ne ya gaza. Wata ta hango Wening tana sauka daga babur.

"Ga ta nan! Ga 'yar Bu Ngatini mai taswirar!"

Kafin ta cire hular kwano an yi mata zobe. Wayoyi ta ko'ina, masu fasasshen gilashi, masu ɗaure da roba, masu ƙamshin kifi. Ta ɗaga hannu sama tana nuna musu. "Yatsu biyu! Ku buɗa har ya yi girma, sannan ku taɓa! Ku gaya wa na baya!" Maganar ta bazu rumfa zuwa rumfa. Wasu suka gane, wasu suka matse maimakon su buɗa, kasuwar ta ɓace musu gaba ɗaya suka hau salati.

Yu Parni ce ta fara isowa jikinta, duk da gwiwoyin nan nata da ke kumbura da damina. Ta kama hannun Wening ta danƙa mata wayarta a tafi, tana haki.

"Yauwa 'yata, Allah ya kawo ki. Na ce musu ba za ki bar mu ba."

Wening ta buɗa taswirar a wayar Yu Parni. Layin ƙofar gabas ja ne daga farko har ƙarshe, sai gurbi ɗaya da ya rage kore a tsakiya. Na hagu ne. Wanda Yu Parni ta ɗora wa yatsa jiya ta ce nata ne. Ga shi ya yi girma a allon, taɓawa ɗaya ya rage, kuma wayar mai shi ce a hannunta.

Ta ɗago kai. Uwarta tana bayan Yu Parni, ta miƙo tata wayar ta saman kafaɗar ƙawarta, ba ta ma san abin da ke allon ba. Fuskarta duk gumi, ga garin kwakwa a girarta.

Ba za a ce Wening ba ta yi tunani ba. Ta yi, sai dai hannunta ya riga ta gamawa. Ta soke wayar Yu Parni a hammata, ta fizgi ta uwarta, ta buɗa, ta taɓa, ta danna amincewa. Gurbin ya yi ja, sunan Ngatini ya fito a kansa.

Sannan ta zaro wayar Yu Parni. Har yanzu a buɗe take a daidai wurin, kuma Yu Parni ba makauniya ba ce. Ta ga koren, ta ga ya juye, ta kuma san harafin farko na sunan ƙawarta ko da ba ta iya karatu sosai ba.

"Bari in duba miki wani, Bude."

"Duba."

Ta duba. Yanzu da dabarar ta bazu, hawan ƙasa ya cike cikin ƙiftawar ido, masu ƙuruciya da masu 'ya'ya a kusa sun kwashe ragowar da mutanen Darto suka raina. Hawa na biyu na masu atamfa da takalma ne. Sai na uku, can ƙuryar baya, jikin bangon banɗaki, inda ba wata mace mai hankali da za ta hau bene biyu don sayen barkonon miya ɗaya.

"Sai sama, Bude. Hawa na uku."

"Da gwiwar wa?"



"Danna mana," in ji Yu Parni. "Ko shi ma kina da wanda za ki ba?"

Ta danna. Yu Parni ta karɓi wayarta, ta goge gilashin a zaninta, gaba da baya, a hankali, sannan ta soke ta a ɗamara. "Hannunki da sauri, Nduk. Tun kina ƙarama haka kike in an ajiye abin daɗi." Ta juya ta koma teburinta tana ɗingishi.

Daga masallacin tasha aka kira azahar. Nan da nan taswirar ta daskare a duk wayoyin, aka rubuta an rufe. Wata tsohuwa da ba ta sami komai ba ta zauna a ƙasa dirshan. Wata kuma ta ce, ba da ƙarfi ba amma yadda kowa zai ji, "Ai dama, mai 'ya a ofis."

Bu Ngatini ta daɗe tana kallon sunanta a kan gurbin hagu. Ba ta yi godiya ba. Ta ja Wening zuwa bayan injin gogar kwakwa.

"Gaya min gaskiya. Me ya sa na su Darto ya amsa, namu ya ƙi?"

Da Wening ta so, za ta iya cewa matsalar sadarwa ce. Kowa zai yarda, kullum ita ake ɗora wa laifi. Amma uwarta ce.

"Wurarenku ƙanana ne, Ibu. A ƙaramar waya sai su ƙara ƙanƙancewa. Ni kuma na sa manhajar ta daina kula da duk abin da ya cika ƙanƙanta, don taswirar ta yi sauri."

"Ke kika sa?"

"Ban san zai..."

"Ta yi sauri ta je ina?"

Uwar ta goge hannu a gaban rigarta, ta koma teburinta, ta ciro ƙunshin ganyen ayaba na abincin rana ta buɗe shi a kan iyakar teburan biyu, inda ake buɗe shi kullum. Shinkafa ce da soyayyen waken suya, rabon mutum biyu.

"Yu, bisimilla."

"Na ƙoshi," in ji Yu Parni. Ta ɗaga 'yar kujerarta ta juya ta, ta ba su baya, ta hau tsince barkonon da ba ya buƙatar tsinta.

Bu Ngatini ta tsaya da ganyen a buɗe. Ba ta kalli 'yarta ba ta ce, "Koma ofis, suna jiran ki. Ranar kwashe kaya ma kada ki wahalar da kanki, zan sami mai taya ni."

A ofis an riga an cire ledar tiren. Shinkafa ce mai kurkum, rawaya, an tula ta da tsini a tsakiya, kewaye da kaza da ƙwai da kayan lambu, irin wadda ake yi in aiki ya yi kyau. Jami'in mai kaki ya gama jawabinsa yana goge tabarau. Pak Wisnu yana hango ta ya ɗaga hannu.

"Ga gwanar tamu! Ina kika shiga? Mun ƙi taɓawa sai kin zo." Ya ɗauki cokali ya yanke kan tsinin, wanda ake ba wa wanda aka fi girmamawa a taro, ya ɗora a faranti ya miƙa mata da hannu biyu. "Daga buɗewa har rufewa, babu kuskure ko ɗaya. Ko ɗaya! Har wasu kasuwanni biyu sun kira suna tambaya."

Aka tafa. Galih ya yi fito. Ta karɓi farantin, don ba a ƙin karɓa, ta sunkuyar da kai yadda ake yi.

Da aka watse wajen cin abinci, Pak Wisnu ya matso kusa da ita, bakinsa da maiƙo. "Ibu ta samu?"

"Ta samu, Pak."

"Alhamdulillahi. Kin gani, komai ya yi daidai." Ya ɗan taɓa gefen teburinta. "Af, abin nan da kika ce ɗazu. Yanzu an rufe, hannunki a sake yake. Gyara abinki yadda kike so."

Ta ajiye farantin a gefen kwamfuta. Ta nemo layin nata ta goge shi. Sannan ta rubuta waccan hanyar da ta ajiye tun watan jiya: a daina zana allon ɓoye a kowane motsi gaba ɗaya, a bari sai yatsa ya sauka, sannan a zana ɗan wurin da ke ƙarƙashinsa kawai, babba da ƙarami, ba a tsallake kowa ba. Ba ta ko tsaya tunani ba, abin yana kanta tun tuni. Ta gama rubutun tun shinkafar ba ta huce ba.

Galih ya leƙo ta kafaɗarta da cinyar kaza a hannu. "Kai, wannan ai ya fi na da sauri. Me ya hana ki yin haka tun farko?"

Ta matse taswirar ta koma girman wayar uwarta, ta ja, ta biyo ta sumul. Ta hau zuwa hawa na uku, ta gangara ƙuryar baya, inda wani ɗan ɗigo ja yake manne da bangon banɗaki, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta ɗora yatsa a kansa.

Nan take ya amsa. Parni, barkono da albasa.